Tambayar Kabari a Ɗakin Kati

Abu biyu kuka fi damuna da tambaya a kansu tun kuna yara, har yanzu da kuka zama iyayen wasu ba ku daina ba. Na farko, me ya raba ni da kawunku Habu har na daɗe ban taka gidanmu na Gaya ba, gidan da aka binne cibiyata. Na biyu, wane ciwo ne ya kashe shi. Kun ji ta bakin matarsa, kun ji ta bakin 'yan unguwa, kowa da irin gishirin da ya zuba wa maganar. Yanzu da ido ya fara gajiya, ƙafa ta daina kai ni ko'ina sai gidan suna da gidan rasuwa, bari in rubuta muku tawa. Ba wanke kaina zan yi ba. Wanda zai wanke ni ko ya kama ni yana nan yana jirana, kuma ba ya buƙatar takardata.

Sai kun san waye Yaya Habu a wurina kafin ku gane sauran. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarama, ban riƙe komai nasa ba sai ƙamshin man da yake shafawa ranar Juma'a. Yaya ne ya zama uba. Da damina yana gona, da rani yana sayen gyaɗa da hatsi a kasuwannin ƙauye yana kaiwa birni. Shi ya sa ni a makaranta, shi yake ɗora ni a bayan kekensa idan ruwa ya cika hanya. Lokacin da baffanninmu suka ce karatun ya isa haka, a zaure ya tsaya ya ce musu Auta sai ta ga ƙarshen biro. Auta yake kirana har na yi furfura. Da na sami aikin asibiti kuwa, babu majalisar da bai kai labarin ba, har abokansa suka riƙa tsokanarsa da uban likita, alhali ni ko allura ban taɓa yi wa kowa ba. Abu ɗaya muka gada tare daga mahaifinmu, Inna mahaifiyarmu ta sha faɗa: zuciya. Idan muka kafe, ko jaki sai ya sara mana.

Aikina a ɗakin kati yake. Duk wanda ya zo asibitin, ta tagarmu zai fara biyowa, mu rubuta sunansa da garinsu, mu yanka masa kati, bayan likita ya gama rubuce-rubucensa katin ya dawo wurinmu mu adana. Shekaru muka yi muna fama da takardu, gara ta ci wasu, yoyon rufi ya jiƙa wasu, wani katin kuma sai ka wuni kana nema mai shi yana tsaye yana zaginka a zuci. Sai wata shekara aka kawo mana kwamfuta, aka turo wata mata daga Kano ta koya mana. Ta ce duk abin da ke cikin katunan nan za a zuba shi wuri ɗaya, sunan wurin rumbun bayanai. Sunan ya yi mini daɗi, don ni 'yar manoma ce, na san rumbu, na kuma san ba kowa ake bari ya leƙa cikinsa ba. Kafin ka shiga, wani ɗan akwati zai fito a fuskar kwamfutar da gurbi biyu: na sama ka rubuta sunanka na aiki, na ƙasa ka rubuta kalmar sirrinka, wadda ko kai mai rubutawa ɗigo-ɗigo kawai kake gani. A ƙarƙashinsu akwai wani ɗan wuri da idan ka taɓa, injin zai riƙe sunanka ya daina tambaya. Da yake ni ce shugabar ɗakin, sai aka sa nawa aka taɓa wurin, muka huta. Rumbun ya zama a buɗe daga safe har tashi, kowa yana shiga da sunana.

Haka muka yi ta tafiya har ranar da na dawo daga sallar azahar na tarar da direban motar asibiti a kan kujerata, ya sa ido a fuskar kwamfutar kamar mai kallon ƙwallo. Matar maƙwabcinsa yake dubawa, wai yana son ya san me ya kawo ta makon da ya wuce.

"Wallahi Hajiya ba wani abu ba ne," in ji shi, yana murmushi. "Na ga a buɗe ne."

A buɗe ɗin ya gani, wannan gaskiyarsa ce. A ranar na kira matar Kano a waya, na ce ta zo ta cire mana wannan sauƙin. Ta zo ta ba kowa sunansa da kalmarsa, ta kuma saita shi yadda in ka tashi ka ɗan jima zai rufe kansa. Idan wuta ta ɗauke aka tada janareta, sai ya sake tambaya. Idan sabis ya yanke ya dawo, sai ya sake tambaya. Ga layi har bakin ƙofa, ga yara suna kuka, kai kuma kana laluben haruffa. Babu wanda ya gode mini. Wanda ya fi kowa ƙorafi Malam Tanko ne, dattijon da na tarar a ɗakin tun zuwana, abokin Yaya tun suna makarantar allo. Mutum ne mai ban dariya, marar faɗa, wanda ko ɗan yaro ya roƙe shi hularsa zai cire ya ba shi. Shi ya raɗa wa akwatin suna.

"Ga tambayar kabarin nan ta sake fitowa," zai ce. "Waye kai, mene ne sirrinka. Binta, ki ji tsoron Allah, ko a kabari sau ɗaya ake yi."

Mukan yi dariya, sunan ya bi akwatin. Amma a ƙarƙashin dariyar akwai abin da yake ci musu rai, kuma na san shi, don ni ma a garin na tashi. Mu ba mu saba hana juna abu ba. Mabuɗin ɗaki a saman ƙofa yake, ko a hannun maƙwabciya. Tsani, turmi, garma, amalanke, duk na unguwa ne. Mutumin da ya san ka, ya san ubanka, ka tsare shi ka ce ya faɗi ko shi waye kafin ya wuce, ai ka zage shi. Balle babba ya miƙo hannu ka ce a'a. A idon abokan aikina, na ɗauko injin da bai san kunya ba na ɗora shi a kan mutane.

A shekarar ne aka sa ranar auren Nasiru, babban ɗan Yaya. Yarinyar sunanta Rabi, 'yar Alhaji Adamu na Kademi, wanda suka daɗe suna cinikin gyaɗa da Yaya. Auren soyayya ne, yaran suna son juna, iyaye suna son haɗin. An kai gaisuwa, an tsayar da biki bayan kaka, mu mata mun fara haɗa lefe, ni na ɗauki nauyin atamfofi. Ana cikin haka wata mai kai-kawo ta raɗa wa matar Yaya cewa ta ga Rabi ba sau ɗaya ba a asibitinmu, a layin ƙofar baya inda ake karɓar magani wata-wata. Mutanen gari abu ɗaya suke nufi da ƙofar nan: cutar da ke karya garkuwar jiki. Alhali masu asma a nan suke karɓa, masu sikila da masu farfaɗiya a nan suke karɓa, wani ma aiko shi aka yi ya karɓar wa tsohuwarsa. Amma wa zai tsaya ya bambance?

Ranar kasuwa ce, da la'asar, layi ya watse, Malam Tanko ya fita. Na ji sallamar Yaya a bakin taga, na yi murna, na buɗe masa ƙofa, na miƙe na ba shi kujerata kamar yadda na saba. Muka gaisa, ya tambayi babanku da ku. Sai ya juya kujerar ya fuskanci kwamfutar. Da yake na ɗan jima ban taɓa ta ba, akwatin ya riga ya fito, gurbi biyu fanko suna kallonsa.

"Auta, buɗe mini abin nan. Sunan yarinyar nan za ki nemo mini."

Na ce, "Wace yarinya, Yaya?" alhali na sani.

"Kin ji abin da ake faɗa. Ba na son surutu. Ni da ke kawai, in gani da idona, in rufe bakina."

"Yaya, ba a yi."

Ya ɗago ya dube ni, ya ɗauka bai ji daidai ba.

"Ba a yi wa wa?"

"Ba a yi wa kowa. Amana ce. Ko ni ban da ikon buɗe katin wanda bai zo ba. In kana da shakka, akwai hanya. A kira Alhaji Adamu, a ce yaran su zo tare a yi musu gwaji, kowa ya ji nasa daga bakin likita. Nasiru ma a gwada shi."

"In dubi idon Adamu in ce ina zargin 'yarsa? Mutumin da muka ci a kwano ɗaya? Ai gara in leƙa a ɓoye, in babu komai shi ke nan, babu wanda ya ji kunya."

Ku lura, ba mugunta ce ta kawo shi ba. Tsoro ne na uba, da kunyar aboki. Yana ganin leƙen shi ne hanyar da ba za ta ɓata wa kowa ba. Na yi masa bayanin ƙofar baya, na ce masa masu suna Rabi Adamu a yankin Kademi kaɗai sun isa su cika motar haya, kuma yawancinsu ba su san shekarar haihuwarsu ba, ko an buɗe ba lalle a gane wacce ce ba. Bai saurara ba. Ya jawo madannan kwamfutar gabansa, ya ɗora manyan yatsunsa da fartanya ta farfasa a kai.

"Faɗi, in buga da kaina. Sai ki ce ba ke kika buɗe ba."

"Ba zan faɗa ba."

"Binta." Tunda nake bai taɓa kirana da sunan nan ba. "Ni na koya miki riƙe biro. Yau ni za ki tsare a bakin ƙofa kamar ɓarawo? Jinin ɗana nake tsoro."

Nan zuciyar gado ta taso mini. Na ce masa karatun da ya sa ni shi ne ya hana ni, in yana son mai buɗe masa asirin mutane da sai ya bar ni ina tallan ƙuli. Na ce Rabi ma 'yar wani ce. Ya miƙe a hankali, ya gyara hularsa, ya fita. Na zauna a kujerar, da ɗuminsa a jikinta.

Washegari Inna ta aiko a kira ni. Na tarar da ita a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, matar Yaya tana bakin murhu ta juya mini baya.

"Ke yanzu ƙarfe ya fi miki ɗan'uwanki?" in ji Inna.

"Inna, ba ƙarfe ba ne. Cikin mutane ne a ciki. Ke kika ce mini ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

"Na faɗa. Amma ban ce ki yi wa wanda ya goya ki ba. Ki je ki ba shi haƙuri, ki nuna masa abin da yake so, magana ta mutu."

Na ce haƙuri zan bayar ko sau nawa ne, ɗayan kuwa ba zan iya ba. Matar Yaya ta ce, ba tare da ta juyo ba, in wani abu ya sami Nasiru ta san wanda za ta riƙe ranar gobe ƙiyama. Na je zaure na durƙusa, Yaya ya ɗauke kai yana jan carbi. Babanku, Allah Ya jiƙansa, da na koma gida ina kuka, cewa ya yi, "Kin yi daidai, amma ki shirya, daidai ɗin nan za ki biya shi." Malamin makaranta ne, ba ya yi wa mutum ƙaryar lallashi.

Abin da ban hango ba shi ne ƙofar tana da mabuɗi fiye da ɗaya. Wata ranar Juma'a na tashi da wuri na tafi gaisuwar rasuwa ƙauyen Gafasa. Yaya ya zo ya sami Malam Tanko shi kaɗai. Daga baya Malam Tanko ya ba ni labarin da bakinsa, yana share hawaye da hannun riga. Ya ce ya yi ta kwana-kwana, ya ce ya manta kalmar, ya ce sabis babu. Yaya ya ce masa, "Tanko, ita yarinya ce, kai ma?" Sai ya kasa. Ya buga sunansa, ya buga kalmarsa, ya nemo sunan, ya ce bari ya je ya yi alwala, ya fita ya bar shi. A ransa wai bai nuna masa komai ba, tashi kawai ya yi.

Ban san abin da Yaya ya gani ba. Ban san ko katin Rabin ne ko na wata mai sunanta ba. Ban san ko ya fahimci rubutun likita ba, mutumin da bokonsa bai wuce na lissafin buhu ba. Har yau da nake rubuta wannan ban taɓa buɗe katin ba, duk da shekarun da na ƙara a ɗakin yana nan gabana, kuma Allah Ya sani na sha jin yatsuna suna ƙaiƙayi. Abin da na sani, kafin mako ya zagayo an aika Kademi an ce an fasa, ba a faɗi dalili ba. Rashin faɗin ya fi faɗin muni. Yaya ya gaya wa matarsa, matarsa ta gaya wa ƙanwarta, magana kuwa zarar bunu ce. Kafin a gama yankan gero, babu rijiyar da ba a ambaci sunan yarinyar nan a bakinta ba.

Alhaji Adamu ya zo asibiti da kansa, da safe, layi a cike. Bai nemi shugaban asibiti ba, tagata ya nufo. Kowa ya san gwaggon ango ce ke riƙe da ɗakin kati, wa kuma za a zarga?

"Ke ce Binta?" in ji shi. "Mun kawo muku 'ya'yanmu ba su da lafiya, kun mayar da su abin hira. 'Yata ta daina cin abinci. Ta daina fitowa tsakar gida. Ban yafe ba. Allah Ya isa tsakanina da ke."

Ina da amsa a bakina, amma amsar sunan yayana ce, ga mutane sun yi cirko-cirko. Na haɗiye. A rayuwata an zage ni da yawa, na kuma rama da yawa, amma wannan Allah Ya isa da na karɓa ba tawa ba har yanzu tana nan a ƙirjina.

Hukumar asibiti ta yi bincike. Aka sake kiran matar Kano, ta duba, ta ce injin yana riƙe sunan duk wanda ya shiga da katin da ya buɗe. Sunan Malam Tanko ya fito, ranar Juma'ar da ba na nan. Da a ce muna kan tsohon tsarinmu, sunana ne zai fito, kuma babu rantsuwar da za ta fitar da ni. Tambayar kabarin da suke yi wa dariya ita ta tsaya mini. Amma kada ku ɗauka na yi murna. An sallami Malam Tanko saura kaɗan ya yi ritaya, ya koma gida ya zauna, dariyarsa ta ƙare. A ofis na fita, a gari ban fita ba, don takardar bincike ba ta zuwa bakin rijiya. Mutanen Kademi suka ci gaba da cewa ni ce. Yaya kuma ya ce ni na kashe wa abokinsa aiki, da na buɗe masa tun farko da babu wanda ya ji. Ya aiko yaronsa na kasuwa da atamfofin lefen da na saya, a ɗaure yadda na kai su, ya ce a gaya mini gidansa ya yi mini kaɗan. An ɗauke Rabi an kai ta wurin dangin uwarta can nesa. Wasu sun ce ta yi aure, wasu sun ce ba ta yi ba. Nasiru ya bar gari ya tafi birni aikin gini, ya daɗe bai zo ko sallah ba.

Babanku ya ga zaman ya yi mana nauyi, ya kwashe mu muka koma gidansu a Toranke, ni kuma ina bin mota zuwa aiki kullum. Kuna tuna lokacin, kuna ta kukan an raba ku da abokanku, na ce muku don iskar ƙauye ce. Motar takan bi ta kusa da unguwarmu, ina hango kan bishiyar darbejiyar ƙofar gidanmu, in kau da kai. Inna takan aiko mini da daddawa da kuka a ƙulle, tare da saƙo ɗaya da ba ya canzawa: hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ni kuwa ban san waye hannun ba, ni ce ko shi. Na yi kewar Yaya kewa mai ciwo. Na kuma ji haushinsa, haushi mai ciwo. Duka biyun tare nake kwana da su.

Damina biyu ta wuce a haka. Sai wata safiya Inna da kanta ta zo asibiti, tana dogara sanda, tsohuwar da ko ƙofar gida ba ta fita. Ta tsaya a tagata kamar mai yankan kati.

"Yayanki ba shi da lafiya. Tun bara. Ya ƙi zuwa nan, ya ƙi zuwa ko'ina. Ki zo, ko zai kore ki ki zo."

Na bar aikin na bi ta. Da na shiga ɗakinsa ban gane shi ba. Mutumin da yake ɗaga buhun gyaɗa shi kaɗai ya koma kamar an rataye riga a ƙusa. Gefen katifarsa kwalabe ne na jiƙo da ƙwayoyin kemis iri-iri. Na durƙusa na gaishe shi. Ya daɗe yana kallona.

"Auta," ya ce.

Na fashe da kuka, sannan na fara faɗa, don ni haka nake. Na ce wane irin ganganci ne wannan, asibiti yana nan ƙafa da ƙafa, ya zauna yana shan saiwa shekara guda.

"In je asibitinku," ya ce a hankali, "a rubuta ni, gobe a karanta ni a majalisa?"

"Babu mai karanta ka, Yaya. Sai an sa suna, sai an sa kalmar sirri. Babu mai iya buɗewa."

Ya yi wani ɗan murmushi da ban taɓa ganin irinsa a fuskarsa ba.

"Ni na buɗe."

Shekara guda yana kwance da wannan. Duk wanda ya ce masa ya je asibiti, shi kujerar nan yake gani, da yadda aboki ya tashi ya tafi alwala. Ya san ƙofar tana buɗuwa, don da hannunsa ya tura ta. Birni kuwa yana tsoron a gan shi a mota a ce ruwa ba ya tsami banza, kamar yadda aka ce da Rabi.

Da ƙyar ya yarda, bisa sharaɗin ni zan shigar da shi da hannuna. Muka kai shi a motar maƙwabci. Na zauna a kujerata, akwatin ya fito ya tambaye ni ko ni wace ce, na faɗa masa, na rubuta sunan yayana da na mahaifinmu. Likitar da ta duba shi ta ja ni gefe ta ce ciwo ne da ake warkewa, da an zo da wuri. Ta ce za su yi iya ƙoƙarinsu. Ni ma'aikaciyar asibiti ce, na san ma'anar wannan maganar. Ya yi kwanaki a gado, ina tashi daga aiki in koma gefensa. Bai taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban nema ba. Sau ɗaya ya tambaye ni ko ana jin labarin yarinyar Kademi, na ce ban sani ba, ya juya fuskarsa bango. Ana gobe zai rasu, da hantsi, ya kama hannuna.

"Kada a buɗe ni, Auta. Ko waye."

Na ce, "Ba za a buɗe ka ba."

A zaman makoki aka fara surutu. An ga yadda ya rame, an tuna auren da ya fasa, sai aka ce abin da ya jefi 'yar mutane da shi ne ya dawo masa. Malam Tanko ya zo gaisuwa, ya zauna a ƙarshen tabarma bai ɗago kai ba har ya tashi. Nasiru ya same ni a ɗakin Inna, idonsa jawur.

"Gwaggo, kin ji abin da suke cewa a kan Baba. Ke kaɗai kika sani. Ki fito ki faɗa musu, ko ki ce ba shi ba ne kawai."

Na ce masa ba zan ce shi ne ba, ba kuma zan ce ba shi ba ne. In na buɗe baki na wanke nawa, to duk wanda aka tambaye ni a kansa na yi shiru, shirun nawa ya zama shaida a kansa. Kuma mai katin ya riga ya gaya mini abin da yake so. Nasiru ya ce na fi dutse taurin zuciya, ya fita. Inna tana jinmu daga kan gadonta, wannan karon ba ta ce in ba kowa haƙuri ba.

Wannan ita ce amsar tambayarku ta farko, duk na zazzage muku ita. Na san kun karanto har nan kuna jiran ta biyu, kuna cewa ai mu 'ya'yanta ne, shekaru sun ja, wa zai ji. Haka kawunku ma ya ce mini ranar kasuwar nan, ni da ke kawai. Likitar ta bar garin tuntuni, Inna ta rasu, babanku ya rasu bai taɓa tambayata ba. Ranar da na yi ritaya aka goge sunana daga injin, ko na je yau akwatin ba zai san ni ba. Saura wuri ɗaya da za ku iya samunsa, wato cikina, kuma nan ma a rufe yake. Ku yi wa kawunku addu'a, shi ya ɗora ni a keke ya kai ni makaranta. Ku haɗa da Rabi, a duk inda take. Amma abin da ya kashe shi, ku daina tambayata, da shi za a binne ni.